Yadda Aka Tsallakar da Sahabi Mai Inji

A Amarawa aka haifi yayana Sahabi, cikin ɗakin da ke jingine da rumbun kakanmu, a shekarar babban farin da ya ƙarar da shanun Fulani. Ni ce Na'ima, autar ɗakinmu, shekara tara ke tsakanina da shi. Mahaifinmu Malam Attahiru Ba'adare ne, yana fataucin albasa da kanwa tsakanin Illela da Tawa ta ƙasar Nijar, kuma a wani zango can arewa da Tawa ya auro Innarmu, Buzuwa. Mu huɗu ta haifa. Mu uku muka ɗauko baƙin Baba da faɗin fuskarsa. Sahabi kaɗai ya ɗauko ta: jan fata, dogon hanci, jiki siriri kamar karan dawa.

Tun yana firamare ake ce masa Buzu, yana amsawa ba tare da ya ɗauke shi zagi ba. A Illela wannan ba abin magana ba ne. Wane gida ne a garin nan ba shi da kaka ko goggo a hayin iyaka? Ƙonni tafiyar ɗan lokaci ce a babur. Can muke zuwa biki da suna, su kuma su zo nan cin kasuwar Lahadi, naira da sefa suna cuɗanya a aljihu ɗaya.

Yana gama aji shida Baba ya rasu, karatu ya tsaya. Ya shiga aikin injin niƙa a hannun wani, ya yi shekaru yana ɗaukar buhu da wanke faifan inji, har ya kai ga sayen nasa. Ya kafa rumfa a bayan kasuwa, daura da 'yan barkono. Abin da ya fi niƙawa ke nan: barkono, citta, masoro, kanumfari, kayan yajin masu jego, sai kuma dawa da masara idan an kawo. Mata sun fi son wurinsa saboda abu guda. Ba ya taɓa zuba hatsi a bayan barkono sai ya kwance inji ya goge shi tas, ko da layi ya kai bakin hanya. Yakan ce ba za a ci tuwo mai yaji a gidan mutum a ambaci sunansa ba. Ban da wannan ba shi da yawan magana. Rediyonsa na rataye a jikin ginshiƙin rumfa, daga safe har la'asar.

Barkonon ne ya ci masa ƙirji. Wajen shekararsa ta bakwai da injin kansa ciwon fuka ya kama shi, numfashi ya riƙa sarƙewa har sai an riƙe shi. Wata malamar asibiti ta ce masa ko ya bar sana'ar, ko ya riƙa rufe baki da hanci, kuma kada ya rabu da maganin da ake fesawa a baki. Matarsa Tayyiba tana da keken ɗinki. Ta yanko ragowar atamfa ta yi ninki uku, ta sa igiya ta bayan kai. Shekara goma sha huɗu yana ɗaura wannan ƙyalle a bakin aiki, kowa na gani. Ba wanda ya taɓa sa masa suna. Ƙyallen Sahabi ne kawai, kamar hular mai shayi ko walkin maƙeri.

Sai korona ta zo.

An riga an rufe iyaka tun daminar da ta wuce, gari ya yi sanyi, rai a ɓace yake. Da aka fara maganar cutar a rediyo, mutanenmu suka ce ta masu hawa jirgi ce, ba ta jure zafin Sakkwato. Wasu suka ce babu ita ma sam, hanyar cin abinci ce ta manya. Sahabi bai yi gardama da kowa ba. Ya dai ji an ce masu raunin ƙirji ta fi kayarwa, shi kuwa ya san ƙirjinsa. Sai ya daina kwance ƙyallen idan ya rufe rumfa. Ya riƙa shiga kasuwa da shi, ya je masallaci da shi. A lokacin ne ƙyallen ya sami suna, aka ce takunkumi.

Akwai wani dillalin shanu a kara, kasuwar dabbobi, Alhaji Bashar, sa'an Sahabi ne, tare suka yi aji ɗaya har zuwa uku. Mutum ne mai son a yi dariya da bakinsa. Wata safiya, kafin azumi ya kama, a teburin mai shayi ya tare shi.

“Sahabi, mu dai a kara ɗan maraƙi munka sani da takunkumi, don kar shi sha nonon uwatai. Kai nonon wa aka hana ka?”

Aka yi dariya. Sahabi ya ce, “Ƙirjina ba shi da ƙarfi, Alhaji, kai ma ka sani.”

“Ƙirji ko? Ni na ɗauka amawalin kakanninka na ka tuna. Ai Buzu ko ya daɗe cikin gari, wata rana sai ya naɗe baki.”

Sahabi ya shanye shayinsa ya tashi. Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

Cikin farkon azumi aka aiko mana cewa ƙanin Inna ya rasu a can wajen Tawa. Inna ta yi kuka ƙwarai, shi ne na ƙarshe cikin 'yan ɗakinsu. Sahabi ya so ya je ta'aziyya a madadinta. Akwai hanyoyin daji da 'yan babur ke bi, kowa ya san su, amma ya ce ba zai keta doka da azumi a bakinsa ba, kuma ba zai ɗebo wa tsohuwa abin da ba a gani ba. Muka yi zaman makoki na kwana uku a gida, shi ke nan. Bai taka ko'ina ba. Kwana ukun nan da rumfarsa ta yi a rufe su ne aka ɗauka aka ƙulla labari: wai ya tsallaka, ya kwana cikin gawa, ya dawo da cutar, shi ya sa yake rufe baki.

Har yau wannan abu yana ci mini rai. Mutanen da suka rantse cewa babu cutar a duniya, su ne suka tabbatar tana jikin yayana. Mata suka daina aiko da niƙa. A masallaci idan ya shiga sahu sai na dama da na hagu su ɗan matsa, a bar shi tsaye kamar shuka ɗaya a gona. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta ɗiban ruwa a gidansa. Na ce masa ya cire abin nan na kwana biyu a ga fuskarsa, magana ta mutu.

Ya ce, “Na'ima, in na cire don su, ƙirjin wa za shi biya?”

Ranar sha tara ga azumi maganin fesawarsa ya ƙare. An zaga kantunan magani na gari, babu, kaya ba sa shigowa. Dole sai Sakkwato. Ya shiga ƙaramar motar haya da hantsi, su bakwai ban da direba. Direban Usama ne, ɗan unguwarmu, kuma daga bakinsa na fara jin abin da ya faru, kafin daga baya Sahabi ya cika mini sauran. A kujerar gaba Alhaji Bashar ne zaune.

Ba su yi nisa sosai ba suka iske shinge. Masu kaki ne, sun gitta katako mai ƙusoshi. Babbansu ya leƙo ta taga. Shi ma yana da takunkumi, amma a ƙarƙashin haɓa yake rataye. Ya bi fuskoki da kallo. Duk motar ba mai rufin baki sai mutum ɗaya.

“Kai mai rufe fuska, sauko.”

Sahabi ya sauko. Ya ce, “Mi na yi, ranka shi daɗe?”

Mutumin Hausarsa irin ta rediyo ce, daga gabas aka turo shi. Ya juya wajen abokin aikinsa ya ce, “Ka ji ko? Wai ‘mi’. Cire abin nan mu gani.”

Duk wanda ke cikin motar nan ‘mi’ yake cewa, har Alhajin da ke gaba. Amma ba su aka saukar ba. Sahabi ya kwance igiya. Mutumin ya dube shi daga goshi zuwa haɓa, ya yi murmushi irin na wanda ya ci caca.

“Na faɗa. Mutanen nan namu ko da bulala ba sa sa wannan abu. Dubi motar nan, wa ya sa? Kai ka saba ne saboda a ƙasarku dole ake yi muku. Ko kuma fuskar kake ɓoye mana. Daga ina ka shigo?”

“Daga Illela nike. Amarawa anka haife ni.”

Ya ciro katin zaɓensa. Mutumin ya juya shi gaba da baya ya ce rabin mutanen Ƙonni suna da irinsa. Suka laluba aljihunsa suka sami wata tsohuwar takardar sefa da wata mai niƙa ta taɓa ba shi, suka ɗaga ta sama kamar an kama makami. Ga rana ta take, ga hayaƙin manyan motoci da ke tsaye, ga baki a buɗe, ga azumi. Tari ya sarƙe shi. Yana fara tari duk suka ja da baya, babban ya jawo nasa takunkumin ya rufe hanci.

Usama ya fito ya ce, “Yallaɓai, wallahi mutumin garinmu na. Matata wurinai taka niƙa tun kafin in aure ta.”

“Kai direba ne, kuɗin mota ka karɓa, me za ka ce? Ga babban mutum nan a gaba. Alhaji, ka san wannan?”

Kalma ɗaya ake nema. Mutumin da suka zauna a benci ɗaya suna yara, wanda ya ci tuwon Inna ba sau ɗaya ba. Alhaji Bashar bai ko juyo ba. Ya ce, “To, ni ba ni shaidar abin da ban gani ba. Nan dai muka ganinai. Amma uwatai daga can take, kuma an ce kwanan baya ya tahi ta'aziyya.”

Sauran fasinja biyar ba wanda ya ɗaga kai. Aka ce Usama ya ja motarsa ko a kwance masa taya. Ya ja, jakar Sahabi da wayarsa suna ciki.

An zaunar da shi a gefen titi har bayan azahar. Sai ga wata babbar mota ɗauke da 'yan Nijar goma sha ɗaya, 'yan ci-rani da aka tattaro daga kudu za a mayar da su gida. Aka ƙara shi a lissafi, ya zama na sha biyu. Motar nan ta cikin Illela ta bi. Ya ce yana tsaye ya riƙe ƙarfe, ya hango kwanar kasuwa, ya hango kwanon rumfarsa. Ya ga mutanen da ya sani suna tafiya a bakin hanya. Ya so ya kira wani, numfashi bai kai ba. Haka aka ratsa da shi ta tsakiyar garinsu aka miƙa shi a bakin iyaka.

A can hayin aka tambaye shi takardarsa ta Nijar. Ya ce ba shi da ita, bai taɓa yi ba. Jami'in ya dubi katin zaɓen ya ce wa na kusa da shi, “Wanga ɗan Nijeriya na, kuma shina tari.” Mayar da shi ba ya yiwuwa, an riga an sa hannu an karɓi mutum goma sha biyu, ƙofa kuma a rufe take. Aka kai su wata makaranta da ba a karatu, aka zuba su a aji biyu, aka ce kwana goma sha huɗu ba shiga ba fita.

Mu a gida ba mu san ko ɗaya daga wannan ba. Usama ya dawo da la'asar ya kawo wa Tayyiba jaka, ya faɗi abin da ya gani, ya ce da ya biyo ta shingen a dawowa bai tarar da shi ba, kuma an ƙi gaya masa inda aka kai shi. Washegari ni da babban wanmu Lawwali muka fara yawo. A shingen aka ce masu aikin jiya sun sauka. A wani ofishi aka ce mu kawo shaidar cewa ɗan ƙasa ne. Muka tono akwatin Inna muka sami takardarsa ta gama firamare, gara ta cinye gefe guda har da rabin sunan makarantar. Aka ce ba ta isa ba, sai da takardar mai unguwa.

Mai unguwarmu tsoho ne, ya ci naman sunan Sahabi. Ya sa aka kawo takarda da biro, ya dube ni ya ce, “To, ina anka haife shi?”

Na ce, “Baba, kai za ka tambaye ni?”

Ya ce, “Ɗiyata, ƙa'ida ta. Ki faɗi da bakinki in rubuta.”

Na faɗa. Na sake faɗa a gaban magatakardan hakimi. Na sake faɗa a ofishin bakin iyaka, inda wani ya tambaye ni ko uwa ɗaya muke, tunda ni baƙa ce. Lawwali ya riƙe mini hannu kafin in mayar masa da magana. Aka karɓi takardu aka ce mu dawo bayan Salla, mai sa hannu ya tafi gida.

Abin da ya fi ƙona ni Inna ce. Ta haura saba'in, ta yi shekara hamsin da wani abu a ƙasar nan, ta binne miji da ɗa ɗaya da ta yi ɓari a nan, Hausarta ta fi ta wasu da ke taƙama da asali. Ta zauna a ƙofar ɗaki ta ce, “Don ni anka yi mashi haka. Ku kai ni wurinsu, ni ce baƙuwar, su ɗauke ni su maido shi.” Ko an sha ruwa ba ta cin komai sai an matsa mata da kunu.

A kwana na huɗu wayar Lawwali ta yi ƙara, lambar Nijar. Muryar Sahabi ce, a shaƙe. Wani daga cikin waɗanda aka kulle su tare, Mukhtar, mai gyaran takalmi ɗan Madawa da ya daɗe a Ikko, shi ya ba shi aron waya. Daga baya Sahabi ya gaya mini cewa Mukhtar ɗin nan ne ya tsaya masa. Ranar da fukar ta tashi masa sosai, yana kwance a simintin aji yana jan numfashi kamar ana yankan rago, Mukhtar ya yi ta dukan ƙofa da takalmi har sai da aka kira ma'aikaciyar jinya, ta nemo maganin fesawa. Sauran suka ba shi wuri kusa da taga. Ba su san sunansa ba da farko, sai suke ce masa Ɗan Nijeriya. Ya ce tun da aka haife shi, a wannan ajin ne aka fara kiransa da haka ba tare da ya nuna kati ba.

An ɗebi majinarsu an gwada. Ba shi da komai. Ba ko ɗaya daga cikinsu da ke da cutar. A can ya yi Salla, da rigar da ya bar gida da ita. Kwana goma sha huɗu suka cika aka sallami sauran, shi aka riƙe shi ƙarin kwana uku ana jiran takardarmu ta tsallaka. A kwana na sha bakwai Lawwali ya je bakin ƙofar iyaka ya karɓo shi, suka tako da ƙafa. Wandonsa sai da ya ɗaure da igiyar takunkumi saboda rama. Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu.

Washegari da safe na zura hijabi na tafi ƙofar gidan Alhaji Bashar. Ban gaya wa kowa ba, don na san za a hana ni. Na tarar da shi zai hau babur zuwa kara. Muka gaisa, don an koya mini gaisuwa.

Na ce, “Alhaji, Yaya Sahabi ya dawo. An gwada shi, ba shi da komai. Na ce bari in zo in sanar da kai, tunda kai ka ba da shaida.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ai ni ban yi mashi ƙarya ba, Na'ima. Ko Innarku ba daga can take ba?”

“Daga can take. Kakarka ta wurin uwa fa, da ake ce ma Ta-Dosso, daga ina take?”

Ya ce wannan daban. Na ce ya gaya mini bambancin. Ya ce shi tsoro ya ji kar a saukar da su duka, yana da shanu da ke jiran mota a Sakkwato, kuma ai kowa ya ga yadda Sahabi ya ware kansa da abin bakin nan kamar ya fi kowa sanin ciwon rai.

Na ce, “Shekara sha huɗu shina ɗaura shi, yajin jegon matarka da shi a baki ya niƙa. Ba ka ga ya ware kai ba sai ranar da anka tambaye ka ko ka san shi.”

Ya tada babur ya ce in gaishe da mai jiki. Bai zo ba, bai aiko ba.

Ba a yi wata guda ba aka ce ranar kasuwa duk wanda bai rufe baki ba ba zai shiga ba. Gari ya cika da takunkumi, shuɗi da fari da na atamfa, yawanci a haɓa. Na ga Alhaji Bashar da nasa. Ba wanda ya tambaye shi ƙasarsu. Dokar ma ba ta yi Lahadi uku ba aka manta da ita.

Sahabi ya koma rumfa. Faifan injin sun yi tsatsa, ya kwance ya goge. Mata suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu har da cewa, “Ashe ba ka da ita, Allah ya kyauta,” kamar shi ya yi musu laifin da suka yafe. Yakan karɓi kwano ya niƙa ya miƙa. Amma ya daina zama teburin mai shayi, ya canza masallaci zuwa wani ƙarami a bayan unguwa. Mutum ne da bai iya riƙo ba, sai ga shi na ga yana kau da kai idan wasu sun nufo shi. Da aka yi girbi ya sayar da injin. Ya kwashe iyalinsa suka koma Lafani, garin su Tayyiba, inda surukinsa ya yanka masa gona. Yana noman gero da wake, da rani kuma ya yi albasa. Ƙirjin ya yi sauƙi ƙwarai. Sakkwato kuwa bai sake zuwa ba. Lawwali ke sayo masa magani.

Mutane sukan ce mini abin ya wuce, ai ya ma fi lafiya yanzu, wataƙila alheri ne Allah ya nufa. Ban musa ikon Allah ba. Amma ba don lafiyarsa aka ɗora shi a motar nan ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi kuskure, daga mai kaki har mai babbar riga.

Bara babbar 'yarsa Mu'minat ta gama sakandare, za ta zauna jarrabawar shiga jami'a, aka ce sai da lambar ɗan ƙasa. Ita ma ja ce, doguwa. Ni na raka ta wurin rajista a Illela. Yarinyar da ke gabanta a layi ba a tambaye ta komai ba sai suna da shekaru. Da aka zo kan Mu'minat, ma'aikacin ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce ta je ta zo da mahaifinta da shaidar asalinsa.

Na buɗe baki zan yi magana, ta taɓa ni ta ce, “Goggo, bari. Baba ya ce in anka ce haka in kira shi.”

Ya zo a bayan babur kafin azahar, da ƙasar gona a ƙafarsa da wata jakar leda a hammata. Ya zazzage ta a kan teburin: takardar mai unguwa, ta hakimi, ta firamare mai cin gara, katin zaɓe, har da takardar gwajin da aka ba shi a hayi, duk ya sa an lulluɓe su da roba. Ma'aikacin ya ce ɗaya ta isa.

Sahabi ya ce, “A'a, duba su duka. Ka karanta da ƙarfi mutanen layi su ji, don gobe ƙanenta na tahe, su huɗu na, kuma biyu sun fi ta ja.”

Ma'aikacin ya ce ba sai an kai ga haka ba, Malam. Sahabi bai motsa ba, bai kuma kwashe takardun ba. Layi ya tsaya, mutane suka fara leƙe. Daga ƙarshe mutumin ya ɗauki ta mai unguwa ya karanta ta a gurguje, ya jawo na'ura ya ce Mu'minat ta ɗora yatsunta. Da muka fito na ce su tsaya su ci abinci a gidana. Ya ce ya bar ruwa na gudu a albasa, ya hau babur ya koma Lafani.